Baturen Majigi Ya Ƙwace Bakin 'Ya'yana

Zuwa ga Malam Jami'in Majigi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan aiki da iyali suna lafiya. Kai kuma mai karatu, in kana da 'ya mace, hana ta zuwa kallon majigin nan kafin ta dawo maka ba baki.

Na ɗaya. Finafinan da kuke haskawa a filin unguwarmu na wani Baturen Ingila ne da ya yi zamaninsa tun kafin fim ya koyi magana. Na je na gani da idona. Ya iya aikinsa: sai ya cika bango da fuskar mace har hawayenta ya gangaro, mugu kuma inuwarsa ke riga shi shigowa ɗaki. Magana kuwa sai dai a rubuce. In abu ya yi zafi, mace ta dafe goshi ta sume.

Na biyu. 'Ya'yana, Binta da Rabi, sun gaji Baturen nan kaf. Ranar Juma'a surukata Hajiya ta zo daga Ƙofar Kwaya. Suka durƙusa, suka zare ido, suka ɗaga mata kwali an rubuta "Ina wuni". Hajiya ba ta karatun boko. Ta tambayi lafiya, ta tambayi gajiya, ta tambayi makaranta, Rabi ta dafe goshi ta zube kan tabarma. Nan take aka turnuƙe gidana da hayaƙin korar aljanu. Yanzu Hajiya ta rantse boko ne ya taɓa su, kuma in ta dawo ba ta ji gaisuwa ba, za ta cire su daga makaranta. Ni da na yi sakandare ba zan zuba ido ba.

Na uku. Maigidana cewa ya yi bai taɓa ganin matan kirki irin na fim ɗin ba, tunda ba sa magana. Wannan shari'ar a gida za mu yi ta.

Roƙona: ƙasa ta samu arzikin mai, kowane akawu ya hau sabon babur. Ku sayo fim mai baki, wanda yara ke gaida manya a cikinsa. Allah Ya ƙara maka girma, Ya tsare ka daga gaisuwar kwali.

A gidana dai na kafa doka. Wadda ta sume, ruwan randa ne zai tashe ta. Wadda ta yi gaisuwa a kwali, a kwali zan zana mata tuwonta, har da miya.

Wassalam.

Uwar Binta, Ƙofar Sauri, Katsina