Guntun Ƙafar Kujerarki

Zuwa ga Kakata, amaryata ta tsufa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi, wanda kika san ban cika yi ba, ni ne Sallau, angonki mara kunya, wanda kika ce ko allonsa ya gaji da shi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Amma akwai maganar da na riƙe damina shida, kika rasu bara ban faɗa miki ba. Gwamma in faɗe ta a nan, kowa ya gani.

Maganar kujerarki ce. 'Yar kujerar nan ta ƙirya, wadda uwarki ta zo da ita daga Gidan Sori ranar aurenta, wadda zama ya goge samanta har tana sheƙi. A kanta kike kaɗi kullum da hantsi, alli a yatsa, mazari na juyi, kina tara zaren da za a saƙa wa ƙanwata Hajo zanen aure.

Kin san halinmu ni da ke. Na ɗaure gefen zanenki a jikin turmi. Na sa miki kwaɗo a kwandon auduga. Ke kuma ki tara mata ki ce za ki kai ni ƙara wurin mai gari, wai miji ne da bai taɓa kawo ko ɓarin goro ba.

Ranar wata kasuwar Cadakori gida ya watse, kina barcin rana. Na aro zarto na rage wa kujerar ƙafa ɗaya ta baya, kamar faɗin yatsa uku, na jefa guntun ƙarƙashin rumbu. Wallahi Kaka, so nake kawai ki zauna ta girgiza ki, in fito in ce amarya na rawa ba kiɗa.

Ba ta girgiza ba. Kifewa ta yi da ke ta baya, kika dafa ƙasa da hannun dama. Ina bayan danga, dariya na bakina, na ji ƙarar ƙashin.

Da yamma Baba ya juya kujerar ya duba, ya ciro tsumagiya, ya ce sai ya san wanda ya yi. Kina kwance, maɗori ya ɗaure hannun da karare, kika ce gara ce. Gara, da yanka sumul haka? Kika ce ke kika san kujerarki, tun damina take cin ta, a bar miki yara su sha iska. Ni kuwa ina tsaye, har na taya ki tsine wa gara.

Hannun ya warke a karkace. Ba ki ƙara murza mazari ba. Don kada a gane ni, na ci gaba da tsokana, har na sa miki suna mai hannun ludayi. Kina dariya kina cewa da ludayin aka dama furar da ta raine ni. Duk cikin abin da na yi, sunan nan ya fi ci mini rai.

Yanzu in aikin gona ya ƙare, gyaran tsofaffin kaya nake yi don sha'awa. Na gyara akwatin Inna, ƙyauren makarantarmu, gadon maƙwabta. Kujerarki kaɗai nake kewayewa, tana kife a lungun ɗakinki. Sai ga auren Hajo ya zo, ranar Juma'a za a kai ta garin Sae Sabuwa, kuma kin bar wasiyya kujerar tata ce. Ba yadda za a yi amarya ta shiga gidan mutane da gurguwar kujera.

Na kai ta wurin Malam Nomau masassaƙi. Ya ce daga itace guda aka fitar da ita, ba a yi wa irinta sabuwar ƙafa. Ko a samo guntun a huda a haɗa, ko a rage sauran ukun su daidaita. Ya shafa wurin yankan da babban yatsa, ya dube ni.

Na wuni ina tonon ƙarƙashin rumbu, ban samu ba. Jiya na haƙura na ɗauko zarto, na kife kujerar a tsakar gida. Ban kai ga sa haƙoran a itace ba Hajo ta riƙe mini hannu. Ta shiga ɗakinki ta buɗe adaka, ta fito da wani ƙullin tsumma. Ta ce kin ba ta ajiya kwana uku kafin rasuwarki, kika ce: “Duk wanda kika ga ya zo wa kujerar nan da zarto, ki ba shi, kayansa ne.”

Guntun ne, Kaka. Kin shafe shi da man shanu don kada ya tsage.

Ashe tun tuni kin tsince shi, da hannu ɗaya. Damina biyar ina kiran ki mai hannun ludayi, guntun yana cikin adakarki, kina ba ni ƙanzon tuwo. Ni da nake taƙamar ba a fi ni iya wasa, kin ajiye naki har sai da kika tabbata ba ni da inda zan rama.

Na huda, na sa ɗan turken ƙirya da ƙaro, ƙafar ta zauna. Na hau da duk nauyina, ko motsi. Hajo ta so in shafe ta da fenti, na roƙe ta ta bar layin haɗin a fili. Zarenki na kai wa masaƙi, ya ce bai isa zane ba amma zai yi majanyi.

Bayan la'asar na durƙusa na faɗa wa Baba. Ya ce abin da mai hannun ta rufe, shi ba zai buɗe ba, in je in nemi yafiya inda ta dace. Shi ne na zo.

Ki yafe mini, Kaka. Allah ya haskaka makwancinki, ya yalwata shi, ya miƙe miki hannun nan a Aljanna. Allah ya zaunar da Hajo a ɗakinta daram kamar yadda kujerar ta zauna yau. Amin.

Angonki da har yanzu bai kawo goro ba,
Sallau