Kaset ɗin Inna

Daren Alhamis, Alexandria

Na gaji tiɓis, amma alhamdu lillahi.

Yau na tafi aiki da kaset ɗin da Inna ta aiko min da muryarta shekarar da na zo ƙasar nan. Tun kafin rasuwarta zarensa ya tsinke, na kasa yar da shi. Mista Walter, tsohon da nake jinya, shi ya ce in kawo ya gani. A situdiyo ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa wa makaɗan rok faifai, masu jita da ihun nan. Ban taɓa son kiɗansa ba, kuma ya sani.

Da ya ce in miƙo reza, gabana ya faɗi. Mutumin da ko cokali sai na riƙe masa! In ya yanka ba daidai ba, shi ke nan. Amma yana shimfiɗa zaren a tebur, hannun ya daina rawa. Ya yanka a karkace, ya liƙe da salatif, ya ce haka suke yi kafin zuwan kwamfuta.

Muka kunna. Ga carar zakara, ga daka a bayanta. Na ce ko za a iya cire hayaniyar?

Ya ce, "Kar ki soma. Ban taɓa goge wa mawaƙi sautin ɗakinsa ba. Gidanku ne kike ji."

Sai Inna ta ce, "Hadiza, kina dai cin abinci ko?"

Tun safe ban sa komai a bakina ba. Bari in je in ɗumama tuwo.