Jar Ƙusa a Ƙofar Ɗakin Macizai

Zuwa ga 'yata, mai sunan uwata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da sa albarka, ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa aikin da ya kai ku can ya zame muku alheri. Mu nan lafiya lau. Gwiwar mahaifiyarki ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma faɗan da ta saba, da haka muke gane ta warke. Ni kuwa ido ne ya fara yi mini gardama, shi ya sa za ki ga baƙaƙen manya-manya. Kin san da furfurata na shiga ajin yamma na koyi riƙe alƙalami, to in layi ya karkace ki yi wa ɗalibi uzuri. Na zaɓi rubutu ne don a waya ba kya barina in kai aya. Ƙanenki zai ɗauki hoton takardar ya turo miki yau ɗin nan.

Labarin kin riga kin ji shi, amma ba ki ji shi daga bakin mai murna ba. Jami'a ta zaɓi 'yarki, amaryata, ta yi digiri na biyu a kan dabbobi masu jan ciki, sun kuma ba ta gurbi a ɗakin da ake tatsar dafin macizai don haɗa maganin sara. Ranar da ta gaya mini ban iya zama ba. Na gaya wa tela, na gaya wa mai shago, har mai gyaran famfo da ya zo wucewa sai da na tsayar da shi. Tela ya yi dariya, ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Na ce masa ya yi ta dariya, ranar da kububuwa ta sami wani nasa zai nemi amaryata da fitila. Yarinyar da muka sha kamawa da hawainiya a kwali ƙarƙashin gado, yau ita ce malamai ke kira da kansu.

Sai kuma ga kiran da kika yi mata. Ta ce kin ce in ta ƙara taɓa maciji babu ke babu ita, kika kashe waya. Ban ga laifinki ba. Ni na saɓa ki a kafaɗa na yi asibiti da ke ranar da aka sare ki a gindin itacen girki, kuma na san har yau kina rufe tabon da safa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Ni ma da na gama yi wa unguwa shela, tsoro ya biyo ni har ɗaki. Shi ya sa na ce ta kai ni wurin aikin, gani ya kori ji.

Ban ga rami ko duhu ba. Ɗaki ne mai haske, ya fi kicin ɗinmu tsabta, da akwatunan roba jere a kan kanta, kowanne da makulli da sunan mai ciki. Ta taga mai gilashi aka bar ni na leƙa. Ma'aikatan ba sa shiga ɗaya-ɗaya, sai su biyu, da takalma masu dogon wuya da abin kare ido, don akwai gamsheƙar da ke tofi. Wanda zai buɗe akwati sai ya faɗa da ƙarfi, ɗayan ya amsa, sannan a sa doguwar ƙugiya a ɗauko. Na ga an lallaɓa wata kasa ta cusa kanta cikin bututun roba kafin hannu ya kusance ta. Na ga dai mutanen sun san abin da suke yi.

Abin da ya hana ni sukuni yana waje, a bakin ƙofa. Akwai allo da ƙusoshi biyu, koriya da ja, kuma kowane ma'aikaci yana da ɗan katako mai sunansa. Malamarsu, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta ce mini kowace safiya mutum da hannunsa zai rataye nasa. In ya yi barci sosai, zuciyarsa a kwance, koriya. In yana da ciwon kai, ko ya yi faɗa da wani, ko hankalinsa na wani wuri, ja, kuma ba mai tambayarsa dalili. Ranar sai ya wanke kwanukan ruwa ya kula da ɓerayen da ake ciyar da macizan, ba zai riƙe ƙugiya ba. Ta ce a ganinta gaggawa da ɓacin rai sun fi jahilci jawo sara. Na duba allon, sai na ga sunan amaryata shi kaɗai a ja. Malamar ta ce tun ranar da kika kira yake nan. Ta ce ba ta da ɗaliba mai sanyin hannu kamarta, amma gurbi ba ya zama haka nan, akwai masu jira, in abin ya ɗore dole ta ba wani.

To ki ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami da sassafe. Ɗazu amaryata ta fito da jakarta ba ta karya ba, idanunta a kumbure. Na tsokane ta, na ce wace irin amarya ce ke fita ba ta gai da ango ba, ko murmushi ba ta yi ba. Na tambaye ta yau wace ƙusa, ta ce ta gaji da ja, wataƙila gobe ta rataye a koriya kawai, ai ba mai leƙa zuciyar wani. Uwata, wannan ne tsorona. Kin yi fushi ne don kada a sare ta, ga shi fushin yana neman ya tura ta gaban gamsheƙa hankalinta na wani wuri.

Ba na ce dole ki so aikin ba, ni ma ban gama sonsa ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In kin amince, ki sa mata albarka da bakinki. In ba ki amince ba, ki janye waccan kalmar tukuna, ki gaya mata dalilinki a natse, ta bar wurin da ƙafarta kuna shiri. Wanda ba zan iya ɗauka ba shi ne shirun nan.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce a wannan karon tana bayana. Yayanki da matarsa da gwaggonki duk suna gaisuwa. Ki gai da maigidanki, ki nuna masa takardar, ki shafa mini kan auta. A bakin ƙofar ɗakin macizan suke ajiye wayoyinsu kafin su shiga, saboda haka ki kira 'yarki yau da yamma, ko gobe tun tana hanya.

Ni ne mahaifinki, ina nan zaune a ƙofar gida har ta dawo.