Guntun Kebul a Cikin Leda

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa a gama wannan zaman nesa lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene tana yi wa 'yan haya faɗa a kan famfo, ka san ta, in ta fara faɗa to lafiya ta samu. 'Yar ƙaramata ta fara haƙori, duk abin da ta samu sai baki, har katina na shiga ofis bai tsira ba.

Yaya, na so in kira ka a waya, amma na san ina buɗe baki kuka zai riga ni, shi ya sa na zauna na rubuta. Maganar ƙaninmu Auta ce, da ɗakin na'urorin kamfaninmu, ɗakin nan mai sanyi da kai ka fara haɗa shi kafin ka tafi ka bar mini makullinsa. Tun daga ranar ni ke riƙe da bayanan kamfanin nan kaf. Na san kukan kowane faifai, in ɗaya zai mutu tun daga bakin ƙofa nake jinsa. Ni ce kuma na yi ta safa da marwa wajen Manaja har ya ɗauki Auta aiki da ya gama karatu. Yanzu ka zo ka ga yadda ake rawar kai a kansa. Mama tana gaya wa maƙwabta cewa Autanta injiniya ne, ni kuwa wai ina ɗan taɓa kwamfuta. Ba zan ɓoye maka ba, kishinsa nake yi, kuma abin yana ci mini rai.

Kwanakin baya kamfani ya sayo sabuwar na'urar adana bayanai, tsayinta ya kai na firij, cike da faifai. Kai biyu gare ta, don in ɗaya ya lalace ɗayan ya ci gaba da aiki. Manaja ya kira taro ya raba mana, ni in saita kan hagu, Auta na dama, ya kuma ce in an gama, mutum ɗaya zai damƙa wa ɗakin gaba ɗaya. A wannan taron ne Auta ya buɗe baki a gaban kowa ya ce tsohuwar na'urata ta zama kayan tarihi, aka kwashe da dariya. Yaron da na goya! Daga ranar na ɗauke masa wuta. Muna ɗaki ɗaya, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma in ina son sukudireba gara in zagaya in ɗauko da in ce ya miƙo mini. A gida ma Mama ce ke kai saƙo tsakaninmu.

To akwai wani guntun kebul, bai fi kamu ɗaya ba, da ke haɗa kawunan biyu, ta nan kowanne ke sanar da ɗan'uwansa cewa yana raye. Na gan shi a ledarsa a ƙasan kwali, na kuma ga 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa a bayan na'urar. Na ce a raina mai satifiket ai ya fi ni sani, ba sai mai kayan tarihi ta koya masa aiki ba. Ashe shi ma ya gani. Daga baya yake gaya mini cewa bakin da kebul ɗin ke shiga yana ɓangarena ne, shi kuwa tun yana yaro ya san abin da ke biyo baya in aka taɓa kayana. Ya zaci ina da dalilin barinsa, tambayata kuma ba fuska.

Da safen da aka kwashe bayanai zuwa sabuwar na'urar, ma'aikata suna zama sai ihu daga kowane ofis. Fayil ya ƙi buɗewa, wanda ya buɗe kuma rabinsa na jiya, rabinsa shirme. Kowane kai ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu, ya naɗa kansa maigida, duka biyun suna rubutu a kan faifai ɗaya, wannan yana taka na wancan. Manaja ya shigo ɗakin sanyi yana zufa. Ni kuwa na rasa ta inda zan kama. Auta ya fita baranda da waya a kunne, ya dawo ya ce a kashe kai ɗaya nan take, ya durƙusa ya zaro kebul ɗin daga leda ya jona, fitilar ta koma kore. Bayanan da suka dagule kuma daga tsohuwar na'urata muka dawo da su, don na ƙi kashe ta duk da surutun da aka yi ta yi mini.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Da Manaja ya hau yabonsa, sai Auta ya ce ba don kwafin da ni yayarsa na ajiye ba, da yau kamfani ya rufe, laifin kebul ɗin kuma nasa ne shi kaɗai. Ko nan ma ya fi ni. Na so ya yi girman kai in samu abin riƙewa, ya hana ni. Da muka tashi ya saya mini lemo, ya ba ni haƙuri a kan maganar kayan tarihi, na karɓa ina harararsa. Na je na faɗa wa Manaja cewa ni ma na ga kebul ɗin, don ba zan bari yaro ya fi ni har da gaskiya ba.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya. Manaja ya ce ya rasa wanda zai zaɓa, don haka zai kira ka, tunda tare kuka yi aiki kuma kai ka san mu ciki da waje. Ban ce ka yi mini kara ba. Auta ya iya aiki, in na ce bai iya ba na yi ƙarya. Amma Yaya, na san wanda ya kira a baranda ran nan. Auta da bakinsa ya ce bugu ɗaya ka ɗauka, kai ka ce masa ya duba tsakanin kawunan, da yamma ma ka sake kiransa ka ji yadda aka ƙare. Ni da na riƙe maka tocila kana ɗaura faifan farko a ɗakin nan, ni da ka koya wa murɗa waya har yatsuna suka yi kanta, wayata tana aljihuna ranar har na koma gida, ba ta yi ƙara ba. Na yi ta ciro ta ina dubawa ko caji ne ya ƙare.

In ka ce Auta, wallahi da hannuna zan miƙa masa makullin, in nuna masa faifan da ke tari da wanda ke son a lallaɓa shi. Zan yi kuka, amma zan miƙa. Abu ɗaya nake roƙo: kada in ji hukuncinka a bakin Manaja, kada kuma in ji shi a bakin Mama tana yi wa maƙwabta albishir. Ko wa ka zaɓa, ni ka fara kira.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da babban ɗanka, da takwarata mai surutu. Mama tana sa maka albarka, maigidana da Kawu suna gaisuwa. Auta ma ya ce in gaishe ka, na ce masa ai shi ba ya buƙatar ɗan aike.

Wassalam. Taka har kullum,
ƙanwarka, Sarkin Gardama.