Ƙorafi Kan Sanya Sundus a Sashen Kasuwanci

Zuwa ga: Mai girma Ustaza Nadiya, Mudirar Sakandaren 'Yan Mata, Harra ta Gabas, Madina
Daga: Rakiya Abdulfattah, goggon ɗaliba Sundus Lurwanu, aji biyu
Kwanan wata: Lahadi, 21 ga Safar, 1446

Game da: Roƙon mayar da Sundus sashen lafiya kafin Alhamis

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa. Na rubuto da Hausa domin na san kina ji, ko da da Larabci za ki amsa.

1. Sundus 'yar ƙanena Lurwanu ce, 'yar fari. Ranar da aka yaye ta ya ba ni ita riƙo, bisa al'adarmu. Ni na raine ta, amma lambar wayarsa ce a takardunku.

2. Ranar 12 ga Zulƙida, 1445, makaranta ta aika wa wayarsa saƙon zaɓen sashen karatu. Ya gani, bai amsa ba, bai kuma faɗa mini ba. Ba sakaci ba ne, ranki ya daɗe, kunya ce. A wurinmu uba ba ya tsoma baki a kan ɗiyar da ya bayar, balle ta fari, wadda ko sunanta ba ya kamawa. Ya ɗauka an aiko mini nawa.

3. Da aka ji shiru, sai aka cusa ta a sashen kasuwanci, inda gurbi ya rage. Yarinyar da ta zo ta biyu a ajinsu, wadda tun bara take haddar littafin Ƙudurat, jarrabawar shiga jami'a, domin ta karanta likitanci!

4. Sau uku ina zuwa ofishinku, ana ce mini ni ba waliyyiya ba ce. Shekara goma sha huɗu ina yi mata kitso. Yau kwana bakwai ba ta cin abincin kirki, ni kuwa wallahi dabara ta ƙare mini.

Saboda haka ina roƙo, don Allah don Annabin da muke maƙwabtaka da shi, a mayar da ita sashen lafiya kafin a rufe sauyi ranar Alhamis, 25 ga wata, a kuma sanya lambata.

Idan sai uba ya zo, Lurwanu zai zo gobe. Ya ce zai sa hannu, kuma in ana so, zai faɗi sunanta da bakinsa a gabanki. Bai taɓa faɗa ba.

Da dukkan ladabi,
Rakiya Abdulfattah