Zanen Maryam Ba Matakala

Barkin Sale, Minna.

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya aiki, yaya Anti Rabi da yara? Da fatan kuna lafiya kamar yadda muke nan.

Ƙanwarmu Maryam ta gama aikinta na ƙarshe a karatun zanen gine-gine. Gidaje ta zana da ƙaramin asibitin unguwa, ta haɗa samfurinsu da kwali, ta kawo wa Baba ya gani. Ka san tunda ya koma kan keken guragu, matakala ta raba shi da shiga masallaci.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wata ƙofa ya ce, "To, ina matakalar nan?"

Ta ce, "Babu, Baba. Gangare na yi wa kowace ƙofa, don irinka su shiga da kansu."

Sai ya kau da kai, wai a ba shi ruwa. Wallahi Yaya, hawaye yake ɓoyewa.

Mako mai zuwa za ta kare aikin gaban malamanta, tana ta fargaba. Ka sa ta a addu'a, ita da Baba. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza