Tari a Kaset na Goma Sha Huɗu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Na gama wanke kaset ɗin Baba. Guda talatin da ɗaya ne. Ambaliya ta cinye ashirin da shida, laka ta shiga har cikin zare. Biyar suka rage, kuma na 14 yana cikinsu. Alhamdu lillahi.

Shi ne wanda ya fi so, kiɗan Turawa na dā, fiyano da goge, babu mai waƙa. Daga rediyo ya ɗauka a 1998, ya ajiye rikoda kusa da lasifika, shi ya sa ƙarar ɗakin ma ta shiga. A minti huɗu da sakan goma sha biyu, inda fiyano ke yin ƙasa-ƙasa, Baba ya yi tari sau ɗaya. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai wannan. Shekara uku ke nan da rasuwarsa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na kai kaset ɗin wajen Malam Dzarma mai gyaran rediyo a Gamboru, abokin aikin Baba na dā. Ya juya zaren da biro, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "'Yata, wannan ya sha ruwa ya ƙoshi. Kunnawa uku zai ɗauka, wataƙila huɗu. Ki kwafe a waya sau ɗaya, ki bar shi ya huta."

Asabar, 12 ga Oktoba

Na kwafe bayan la'asar, kamar yadda Baba ya yi: waya kusa da lasifika. Na rufe ƙofa da taga. Ni kaɗai. Mahaifiyata Ya Gana tana Umarari wajen gaisuwa.

Da na saurari kwafin, tari biyu ne. Ɗaya a 4:12. Ɗaya a 6:40, ya fi kusa, kamar daga kan kujerarsa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na ji kwafin sau tara. Biyu ne. Na san kaset ɗin nan tun ina firamare, tari ɗaya ne a ciki.

Talata, 15 ga Oktoba

Na sake kunna kaset ɗin, karo na biyu, waya tana ɗauka. Na san abin da Malam Dzarma ya ce. Na riƙe agogo, na kasa kunne a 6:40. Babu komai, goge ne kawai yana hawa. A sabon kwafin kuwa ga shi, amma a 6:31. Ya matso da sakan tara.

Kimiyyar lissafi na karanta shekara huɗu. Zare yakan miƙe, sauti ya ja baya. Amma na 4:12 bai motsa ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ban ci abincin rana ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na kunna wa Ya Gana kwafin. Tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. A na farko hannunta ya tsaya. A na biyu ta ce, "Wannan ai ke ce, Siddiƙa. Tun da kika fara shaƙar ƙurar lakar nan kike yi. Sak nasa, har da ɗan jan numfashin nan na ƙarshe." Na ce ban yi tari ba, da na yi da na sani. Ta ce, "Shi ma haka yake cewa."

Ta roƙe ni kar in ƙara kunna kaset ɗin. Na ce to.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na kunna. Na ɗaure bakina da gyale don in tabbatar. A minti uku da sakan hamsin zaren ya tsinke, ya nannaɗe a cikin rikoda. Sakan ashirin da biyu kafin Baba.

Malam Dzarma ya ce wurin ya rube, ba ya haɗuwa. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Talata, 22 ga Oktoba

Kwafi biyu suka rage a waya. Na yi niyyar yanke tarin na biyu, na buɗe, na fasa. Ban san ko nasa ne zan cire ba.

Yau da la'asar mun saurara ni da Ya Gana. Na zauna a tabarma, na bar kujerar Baba, don ƙafarta ɗaya tana rawa ne kawai. An yi tari. Ban duba agogo ba.